SULE 6 DA SUKA RABA ƘWALLON RUGUBI GIDA BIYU

Ƙwallon rugubi, wanda wasu Hausawa ke kira zari-ruga, ɗan uwan ƙwallon ƙafa ne na jini, sai dai kowa da halinsa. Ƙwallonsa ba kewayayye ba ne, siffar ƙwai gare shi. Ɗan wasa yana da izinin ya ɗauke shi da hannu ya ruga, abokan gaba kuma suna da izinin su rungume shi su kayar. Ba a miƙa wa abokin wasa ƙwallo da hannu ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya kai shi bayan layin abokan gaba ya dangwala a ƙasa ya ci maki, kana a ba ƙungiyarsa damar ƙari da bugun ƙafa tsakanin dogayen sanduna biyu.

Mai karatu zai ji ana cewa akwai rugubi na mutum 15, akwai kuma na mutum 13, kowanne da hukumarsa da dokokinsa da gasarsa. Da farko abu guda ne. Abin da ya raba su bai shafi ƙwallo ko fili ba. Tambaya ce guda: ma'aikacin masaƙa ko mahaƙin kwal da ya bar aikinsa na yini domin ya yi wa garinsu wasa, za a mayar masa da ladan yinin da ya rasa, ko kuwa? A kan wannan tambaya aka kori mutane daga wasa har iyakacin ransu, aka rufe ƙungiyoyi, har wata gwamnati ta sa hannu ga dokar hana wasan. A kanta kuma aka haifi gasar zagaye ta farko ta rugubi mai haɗa jihohi.

DAGA LAKWAL ZUWA HUKUMA

Sunan wasan sunan gari ne. Rugby wani ƙaramin gari ne a tsakiyar Ingila, inda akwai tsohuwar lakwal ta ƴaƴan masu hali. Labarin da ya bazu shi ne, a shekara ta 1823 wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ya rungumi ƙwallo ya ruga da shi ana cikin wasa, daga nan abin ya samo asali. Masana tarihi ba su ba wannan labari ƙarfi ba, domin ba a rubuta shi ba sai a 1876, shekara 4 bayan Ellis ya rasu an binne shi a garin Menton na Faransa, wanda ya rubuta kuwa bai ga abin da idonsa ba. Abin da ya tabbata shi ne ɗaliban lakwal ɗin sun rubuta dokokin wasansu a 1845, kuma da suka girma suka watsu cikin jami'o'i da barikin soja da asibitoci, suka tafi da wasan.

A 1863 aka taru a Landan domin a daidaita dokokin ƙwallo su zama iri ɗaya. Ba a shirya ba. Masu son wasa da ƙafa zalla suka kafa hukumarsu, ƙungiyar Blackheath kuwa ta fita, saboda ba ta yarda a hana gudu da ƙwallo da harbin ƙwauri ba. Sai ran 26 ga Janairu 1871 ƙungiyoyi 21 suka haɗu a wani gidan abinci na Landan suka kafa Hukumar Rugubi ta Ingila, wadda aka sani da haruffan RFU. Bayan wata 2, ran 27 ga Maris, aka yi karon farko tsakanin ƙasa da ƙasa a birnin Edinburgh, mutum 20 kowane gefe, Sikotilan ta doke Ingila. A 1877 aka rage yawan ƴan wasa zuwa 15.

Waɗanda suka kafa hukumar lauyoyi ne da likitoci da ma'aikatan banki da ƴaƴan attajirai. A wurinsu wasa motsa jiki ne da gyaran hali, a yi shi ran Asabar, a ci abinci tare, kowa ya kama gabansa. Kofi da gasa ba su cika burge su ba, suna ganin su ne ke kawo zafin rai. Duk da haka ɗaliban likitanci na asibitocin Landan sun fara gasar kofi tsakaninsu a 1875. Wani kofin kuma daga Indiya ya zo: da ƙungiyar Turawan birnin Kalkata ta mutu, sai aka narkar da kuɗin azurfar da suka rage a asusunta aka ƙera kofi, Ingila da Sikotilan suka fara karawa a kansa a 1879. A 1883 aka fara gasar ƙasashe huɗu, wato Ingila da Sikotilan da Ailan da Wels.

KOFIN YORKSHIRE

Arewacin Ingila wata duniya ce dabam. Jihohin Yorkshire da Lancashire ƙasar masaƙu ce da ramukan kwal da tashoshin jiragen ruwa, garuruwa jere kusa da juna, hanyar jirgin ƙasa ta haɗe su. Ƴaƴan masu masana'antu ne suka kai wasan can, amma ba a jima ba ma'aikatansu suka karɓe shi. Wasu ƙungiyoyin ma majami'u ne suka kafa su domin su janye samari daga gidajen giya, kamar Wakefield Trinity da aka kafa a 1873.

A 1877 shugabannin Yorkshire suka sa kofi na sili ɗaya ƙwale, wanda aka kayar ya fita. Ƙungiyoyi 16 suka shiga, Halifax ta doke York a karon ƙarshe. Wannan kofi shi ya sauya kome. Gari ya sami abin da zai yi tutiya da shi a kan maƙwabcinsa. Ranar wasan kofi masaƙa takan tashi da wuri, jirgin ƙasa na musamman ya kwashi ƴan kallo, in an ci nasara a tarye ƴan wasa a tasha da kaɗe-kaɗe. A 1882 Thornes, ƙungiyar wani ƙauye wadda yawancin ƴan wasanta ma'aikata ne, ta kayar da Wakefield Trinity ta ɗauki kofin. Daga nan kowane ƙauye ya sa rai. Kafin shekara 10 manyan wasanni na tara mutum 20,000 ko fiye, kowa ya biya kuɗin ƙofa.

Ƙwarewa ma ta koma arewa. Da aka fara gasar jihohin Ingila a 1889, Yorkshire ta ɗauki 7 daga cikin 8 na farko, ɗayar kuwa Lancashire ce ta ɗauka. Richard Lockwood, lebura ɗan ƙaramin jiki wanda yake wasa a Heckmondwike, shi ya zama kyaftin na ƙungiyar Ingila a 1894, yana ba ƴaƴan jami'a umurni a fili. Akwai waɗanda wannan bai yi wa daɗi ba a Landan.

Inda kuɗin ƙofa ya taru, kuma gari ke son nasara, ba a rasa hanyar da ɗan wasa zai ga alheri. Wani a ba shi cinyar rago, wani yadin kwat, wani agogo. Wani in ya dawo ɗakin sauya tufafi ya tarar da kuɗi cikin takalminsa. Wani kuma a samo masa aiki mai sauƙi a masaƙar shugaban ƙungiya, ko a ba shi riƙon gidan giya. Teddy Bartram, gwanin Wakefield Trinity, an naɗa shi mataimakin magatakarda ana biyansa fam 52 a shekara, kowa kuwa ya san ƙafarsa ake biya, ba alƙalaminsa ba.

Hukumar Landan tana kallon abin da ya sami ƙwallon ƙafa. Can an halatta biyan ƴan wasa a 1885, a 1888 aka kafa gasar zagaye ta ƙungiyoyi 12, nan da nan ƙungiyoyin ma'aikata suka ture na ƴaƴan masu hali gefe. Shugabannin rugubi suka ƙudura cewa haka ba za ta same su ba. A watan Oktoba 1886 suka kafa doka: haramun ne ɗan wasa ya karɓi kuɗi ko wani abu mai daraja saboda wasa.

DOKA ƊAYA, MA'AUNI BIYU

Dokar ba ta faɗa kan kowa daidai ba. A 1888 wasu ƴan kasuwa suka shirya wa ƴan wasan Biritaniya tafiya zuwa Ostiraliya da Niyu Zilan. Jack Clowes, ma'aikaci daga Halifax, ya karɓi fam 15 na sayen tufafin tafiya, sai hukuma ta yanke cewa ya zama ɗan wasan kuɗi. Ya ƙetare teku ya je ya dawo bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Andrew Stoddart, ɗan manyan Landan, ya karɓi abin da ya fi haka nesa a tafiyar nan guda, ba wanda ya ce masa uffan, har ya riƙe kyaftin na Ingila daga baya. Kuɗin da aka ba mai hali sunansa kuɗin guzuri, wanda aka ba talaka sunansa laifi.

A Yorkshire kanta akwai masu farautar ƴan wasa. Babbansu shi ne Frank Marshall, malamin majami'a kuma shugaban wata lakwal kusa da Huddersfield, alƙalin wasa ne sananne. Ya bi ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana tonon littattafan kuɗinsu. An dakatar da Bartram. An dakatar da John Sutcliffe a 1889, shi kuwa ya juya ga ƙwallon ƙafa ya zama mai tsaron gidan Bolton har ya yi wa Ingila wasa. A 1893 Marshall ya ba da shaida a kan ƙungiyarsa ta Huddersfield, aka dakatar da ita. Ba za a ce mutumin munafuki ne ba, ya gaskata abin da yake yi. Sai dai albashinsa ba ya raguwa in ya je fili ran Asabar.

Nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikaci a lokacin yana aiki kwana 6, ran Asabar sai bayan tsakar rana yake tashi. In wasan a wani gari ne, tilas ya yi fashin aikin safe, a yanke masa lada. In ya karye a fili, mako nawa ya kwanta, mako nawa gidansa ba kuɗin abinci. Alhali dubban mutane sun biya domin su gan shi, kuɗin kuma na shiga asusun ƙungiya da na hukuma. Shugabannin arewa, waɗanda da yawansu masu masaƙu ne ba talakawa ba, suka ga abin da ya fi shi ne a fito fili a halatta diyyar fashin aiki, a ƙayyade ta, maimakon a riƙa sa kuɗi cikin takalmi a ɓoye.

Akwai kuma rigima ta biyu, ta gasar zagaye. Kofi yana da aibi guda: ƙungiyar da aka fitar a karon farko ba ta da sauran wasa mai jawo jama'a sai baɗi. Gasar zagaye kuwa, inda kowa ke karawa da kowa gida da waje, a ba wanda ya ci maki 2, kunnen doki maki 1, tana sa kowace Asabar ta zama da ma'ana. A 1892 manyan ƙungiyoyin Yorkshire suka matsa har aka bar su suka kafa irin wannan gasa, Bradford ta ɗauki ta farko. Lancashire ta bi sahu, Salford ta ɗauka. Amma aka yi ta jayayya a kan wa ke da iko da gasar, ƙungiyoyin ne ko hukumar jiha, da kuma ko ƙananan ƙungiyoyi na da haƙƙin hawa su maye gurbin manyan da suka zo ƙarshe. A nan manyan ƙungiyoyin arewa ma ba su da gaskiya duka, domin kujerarsu da kuɗin ƙofarsu suke karewa.

Ran 20 ga Satumba 1893 aka yi babban taron hukuma a otel ɗin Westminster Palace na Landan. Wakilan arewa suka sauko cikin jirgin ƙasa na musamman. James Miller, shugaban Yorkshire, ya gabatar da shawarar a yarda da diyyar fashin aiki na gaskiya. Ƴan kudu kuwa sun riga sun shirya, sun tattara takardun wakilci na ƙungiyoyin da ba su halarta ba. Aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ƙi, 136 suka yarda. Hujjar masu ƙi ita ce diyya ƙofa ce, in aka buɗe ta albashi zai biyo baya. Tarihi ya nuna ba su yi kuskure a wannan hasashe ba. Inda suka ɓata shi ne amsar da suka ba ma'aikaci, cewa wanda ba shi da halin yin wasa kyauta ya haƙura da wasa.

A 1894 aka dakatar da Leigh, aka dakatar da Salford, aka dakatar da Wigan, ana tsakiyar gasa. Sauran suka ga gemun ɗan uwansu ya kama wuta.

TARON HUDDERSFIELD

Ran Alhamis 29 ga Agusta 1895 da maraice wakilan ƙungiyoyi 21 suka shiga otel ɗin George da ke Huddersfield. Guda 20 suka amince su fita daga hukumar Landan su kafa tasu, wadda suka kira Tarayyar Rugubi ta Arewa. Dewsbury kaɗai ta ja da baya. Stockport da Runcorn suka shigo, adadi ya zama 22. Cikinsu akwai manya irin su Wigan, Leeds, Hull, Bradford, Halifax, Oldham, St Helens da Warrington, akwai kuma ƙananan garuruwa irin su Liversedge da Tyldesley. Aka zaɓi Harry Waller na Brighouse, mai masana'anta, ya zama shugaba.

Abin da suka halatta ba shi da yawa: diyyar da ba ta wuce sule 6 a yini ba, ga wanda ya tabbatar ya rasa aiki. Albashin wasa kuwa su ma sun hana. Amma hukumar Landan ta mayar da martani mai tsanani. Duk wanda ya yi wasa da ƴan Tarayyar Arewa, ko da bai karɓi ko anini ba, an kore shi har abada. A wannan shekara kuma tsofaffin ɗaliban lakwal ɗin Rugby suka kafa kwamitin binciken asalin wasan, wanda ya ɗaukaka labarin Webb Ellis. Masana da dama na ganin lokacin bai zo haka kawai ba, ana so ne a tuna wa jama'a ko wasan na wane ne.

Kwana 9 bayan taron, ran Asabar 7 ga Satumba, aka fara gasa. Ƙungiyoyi 22, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 42 ke nan ga kowace ɗaya, cikin sanyi da taɓo har ƙarshen Afrilu 1896. Manningham, ƙungiyar wata unguwar masaƙa ta birnin Bradford, ta zo ta ɗaya da maki 66, Halifax na biye da 65. Nauyin ya yi yawa, ga kuɗin jirgi ga fashin aiki, saboda haka a shekara ta biyu aka raba gasar jiha-jiha, aka kuma ƙirƙiro sabon kofi na sili ɗaya ƙwale domin kowa da kowa. Ran 24 ga Afrilu 1897 Batley ta doke St Helens da ci 10 da 3 a filin Headingley na Leeds gaban mutum 13,492.

Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa dole ta kula da abin da ɗan kallo ke so, ɗan kallo kuwa gudu da miƙe-miƙen ƙwallo yake so, ba tarin ƙarti suna turereniya cikin laka ba. Sai aka shiga gyaran dokoki. A 1897 aka soke jifan ƙwallo daga gefe tsakanin sahu biyu, aka mayar da kowane bugun sanda maki 2 domin dangwalawa mai maki 3 ta fi shi daraja. A 1898 aka halatta albashi a fili, da sharaɗin ɗan wasa ya kasance yana da sana'a ta gaskiya a ranakun mako. Hidima a gidan giya da lissafin caca ba su cikin sana'o'in da aka yarda da su, har akan ci tarar ƙungiya in ɗan wasanta ya yi fashin aiki ba dalili. An janye sharaɗin a 1905. A 1901 manyan ƙungiyoyi 14 suka sake haɗa gasar da ta ƙetare iyakar jihohi, Broughton Rangers ta ɗauka. A 1906 aka rage ƴan wasa zuwa 13, aka kuma sa wanda aka kayar ya tashi ya tura ƙwallo da ƙafa wasa ya ci gaba. Daga nan wasa ɗaya ya zama biyu.

Kowane ɓangare ya ji jiki. Ingila ta ɗauki gasar ƙasashe a 1892 da ƙarfin ƴan arewa, ba ta sake ɗauka ba sai 1910. Tarayyar Arewa kuwa ƙwallon ƙafa ya yi ta cin iyakarta. Manningham, zakarar farko, ta shiga matsin kuɗi, a 1903 ta bar rugubi ɗungum ta koma ƙwallon ƙafa da sunan Bradford City.

Ceto ya zo daga nesa. A 1907 wani matashin ma'aikacin gidan waya na Niyu Zilan, Albert Baskerville, ya tara ƴan wasa ya kai su Ingila su kara da ƙungiyoyin arewa a raba riba. A birnin Sidni na Ostiraliya ma ana cikin irin wannan ƙorafi, domin wani ɗan wasa, Alec Burdon, ya ji rauni a kafaɗa ba a ba shi kome ba. Aka kafa hukumar masu 13 a can ran 8 ga Agusta 1907, gwanin ƙasar Dally Messenger ya koma cikinsu, a 1908 South Sydney ta ɗauki gasar farko. Baskerville bai ga ƙarshenta ba, ciwon huhu ya kashe shi a Brisbane a watan Mayun shekarar yana da shekara 25.

GARKUWAR FARANSA

Faransa ta bi wata hanya. Turawan Ingila mazauna tashar Le Havre ne suka fara wasan a can wajen 1872, ɗaliban manyan lakwal na Paris suka ɗauka, aka kafa Racing a 1882 da Stade Français a 1883. Faransawa ba su da ƙyamar gasa irin ta shugabannin Landan. Ran 20 ga Maris 1892 aka yi karon zakarun Faransa na farko a filin Bagatelle, Racing ta ci Stade Français 4 da 3. Alƙalin wasan shi ne Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olamfik bayan ƴan shekaru. Ladan zakara garkuwa ce ta tagulla bisa katako, aikin wani mai sassaƙar ƙarfe, Charles Brennus, sunansa kuma ya bi ta. Har yau kwafinta ake ɗagawa.

Shekara 7 na farko gasar ta ƴan Paris ce kaɗai. A 1899 aka bar zakaran larduna ya kara da na Paris, nan take Bordeaux ta ci 5 da 3. Daga 1904 zuwa 1911 Bordeaux ta ɗauki garkuwar sau 6, Toulouse ta ɗauka a 1912 ba tare da an kayar da ita ko sau ɗaya ba, Bayonne a 1913, Perpignan a 1914. Wasan ya bar hannun ƴaƴan manyan Paris ya sauka kudu maso yamma, wurin manoman inabi da ma'aikatan ƙananan garuruwa. Samarin Perpignan ba su more nasararsu ba, 7 daga cikinsu sun mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da Aimé Giral wanda bugunsa ya ba su garkuwar.

Baƙar fata sun shiga tarihin nan tun da wuri. Constantin Henriquez, ɗalibin likitanci daga Haiti, yana cikin ƙungiyar Faransa da ta ci gasar Olamfik ta Paris a 1900. Ran 1 ga Janairu 1906, da Faransa ta yi karonta na farko da Niyu Zilan aka ci ta 38 da 8, Georges Jérôme haifaffen Cayenne na cikin waɗanda suka dangwala mata ƙwallo. A 1910 aka karɓi Faransa cikin gasar ƙasashe, suka zama biyar.

To, abin da ya faru a Yorkshire sai ya maimaita kansa. Gasa ta kawo jama'a, jama'a ta kawo kuɗi, kuɗi ya shiga ta bayan gida. A Quillan, garin da bai fi mutum 3,000 ba, wani mai masana'antar huluna, Jean Bourrel, ya kwaso gwanayen Perpignan ya ba su aiki a masana'antarsa, ƙaramin garin ya kai karon ƙarshe sau 3 a jere, ya ɗauki garkuwa a 1929. Wasa ya yi muni ƙwarai. Gaston Rivière na Quillan ya mutu a 1927 sakamakon raunin fili, Michel Pradié na Agen, yaro ɗan shekara 18, ya mutu a 1930. A 1931 ƙasashen Biritaniya suka yanke hulɗa da Faransa, suna zargin gasar zakarun da kawo kuɗi da mugunta. Faransa ba ta koma gasar ƙasashe biyar ba sai 1947.

Cikin wannan giɓi wasan mutum 13 ya shigo. Jean Galia, tsohon ɗan wasan Quillan da na ƙasa wanda hukumar Faransa ta kora bisa zargin kuɗi, ya kalli karon nuni tsakanin Ingila da Ostiraliya a Paris ran 31 ga Disamba 1933. A watan Maris 1934 ya ja tawagar ƴan wasa zuwa arewacin Ingila suka koyo wasan, ran 6 ga Afrilu aka kafa hukuma, ƙungiyoyi 10 suka shiga gasar farko, Villeneuve ta Galia ta ɗauka a 1935. Abin ya bunƙasa da sauri, manyan ƙungiyoyi irin su Narbonne da Carcassonne suka sauya sheƙa, a 1939 Faransa ta ɗauki gasar Turai ta masu 13.

Yaƙi ne ya katse shi. Gwamnatin Vichy ta Mareshal Pétain, wadda a lokacin ita ke riƙe da ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa har da Nijar, tana ƙyamar wasan kuɗi, kuma manyan masu 15 na da faɗa a ji a ofishinta na wasanni, musamman Kanal Joseph Pascot, tsohon ɗan wasan Perpignan. Ran 19 ga Disamba 1941 Pétain ya sa hannu ga dokar rushe hukumar masu 13, aka ƙwace dukiyarta. Ƙwallon ƙafa na albashi kuwa an rage masa ƙarfi ne kawai, ba a rushe shi ba. Bayan yaƙi wasan ya dawo, har Faransa ta shirya gasar duniya ta farko ta masu 13 a 1954, amma dukiyar ba ta dawo ba, sunan ma an hana su. Aka tilasta musu kiran abinsu "wasan mutum 13", ba rugubi ba, sai a 1993 babbar kotun Faransa ta mayar musu da sunan.

Hukumar Landan kuwa ta daɗe a kan bakanta. Ba ta yarda da kofin ƙasa na ƙungiyoyi ba sai 1971. Gasar zagaye sai 1987, Leicester ta ɗauki ta farko, shekara 92 bayan Manningham. A shekarar ce kuma aka fara gasar duniya ta masu 15, aka sa wa kofin sunan Webb Ellis. Ran 26 ga Agusta 1995 hukumar duniya ta masu 15 ta zauna a Paris ta halatta biyan ƴan wasa, saura kwana 3 taron Huddersfield ya cika shekara 100.